RAM 4GB ya hana ThinkPad T410 tashi

Salam. Kwamfutar cinya ce, ThinkPad T410, mai firosesa i5-520M, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 2GB biyu, samfurin PC3-8500S. Na cire su na sa mata sababbi 4GB biyu, samfurin PC3L-12800S, 1Rx8 (wato jeri ɗaya na cif takwas). Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai ƙara: ɗaya, uku, uku, ɗaya.

Na gwada kowanne shi kaɗai a ramin ƙasa da na ƙarƙashin kibod, na goge haƙoransu, na sabunta BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfutar). Shiru. Da na mayar da tsofaffin, nan take ta tashi. Sababbin kuwa lafiya lau suke aiki a wata kwamfutar mai i5 zubi na uku.

Ban zargi ƙarfin wutar sababbin, 1.35V, ba, tunda nau'insu, DDR3L, na ɗaukar 1.5V irin na tsofaffin. Cif takwas ne kacal a jikin kowanne, wato kowane cif girmansa 4Gbit ne. Shin wannan i5 ba ya karanta irinsu ne, sai 2Rx8, mai jeri biyu, cif 16?