Neman shawara kan gwajin na'urorin gano haske a cikin tsananin sanyi

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai. An ba ni aikin gwada na'urorin SiPM, wato ƙananan na'urorin silikon masu gano haske komai ƙanƙantarsa, da za a saka a cikin ruwan agon (iskar agon da aka sanyaya har ta zama ruwa), amma ruwan naitirojin kaɗai muke da shi a ɗakin gwaji. Ko sakamakon zai karɓu?

Dakta: Wa alaikumus salam. Zai karɓu a matakin tantancewa, domin naitirojin yana tafasa a kelbin 77 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi), agon kuma a 87. Sai dai ina jan kunnenki, kada ki dogara da alƙaluman da kamfani ya auna a zafin ɗaki. Ƙarfin lantarkin da na'urar take fara aiki a kansa yana sauka idan ta yi sanyi, saboda haka ki sake auna shi bayan ta nutse ta daidaita, in ba haka ba za ki ɗora mata fiye da kima ba ki sani ba.

Injiniya: Dakta ya yi gaskiya, amma ni jikin na'urar ya fi damuna. Silikon da danƙon da ya rufe shi da allon da aka liƙa su ba sa tsukewa daidai wa daida, kuma a nan ne dalma take tsagewa. Ki riƙe allon a cikin tururin da ke saman ruwan har ya huce, sannan ki nutsar da shi sannu a hankali. Ki maimaita sanyayawa da ɗumamawa sau da yawa, kina aunawa bayan kowane zagaye. Wajen fitarwa kuwa ki hura masa busasshiyar iskar naitirojin, don kada damshi ya daskare a kansa.

Farfesa: Siginar da na'urar take bayarwa a cikin duhu tana raguwa ƙwarai a wannan sanyi, shi ya sa ƙaramar kafar da haske ke shiga take isa ta ɓata ƙidaya. Ki toshe bakin tulun da ruwan naitirojin yake ciki da kyau, ki ɗauki bayanai na tsawon lokaci, kuma ki ware siginar da ke biyo bayan ta ainihi, wadda sau da yawa takan ƙaru a sanyi.

Ɗaliba: Na gode malamai. To, hasken gwajin fa? Agon a nanomita 128 yake haskawa, wato tsawon zangon haskensa ke nan, haske ne da ido ba ya gani.

Dakta: Iska tana shanye wannan hasken, gwada shi kai tsaye yana buƙatar bututun da aka zuƙe wa iska. Idan na'urarki za ta zauna ne a bayan sinadarin da ke mayar da shi shuɗi, kamar tsarin DUNE, babban gwajin kimiyya mai amfani da ruwan agon a Amurka, fitilar LED shuɗiya ta wadatar. Ki bar ta a waje, ki shigar da haskenta ta zaren gilashi.