Ina zan samu hanyar keke wadda babu mota a kewayen Sakkwato?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙauyukan da ke kewaye da gari. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage zama in riƙa motsa jiki, gwiwata kuma ba ta ɗaukar gudu. Shi ne na sayi keke na gwanjo, mai giya, mai faɗin taya. Damuwata titi. Da safe a titin Ahmadu Bello ko na Maiduguri, tsakanin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, hankalina ba ya kwanciya ko kaɗan. Na gwada wajen Kalambaina, can kuma manyan motocin siminti ne, in ɗaya ta wuce iskarta kaɗai na neman ture mutum.

Abin da nake so hanyar burji ce ko turbar ƙauye, wadda ta bi bakin gulbi ko ta ratsa daji mai itatuwa, kamar kilomita 20 zuwa 30 zuwa da dawowa. Ina zan nufa? Wane lokaci ya fi? Me ya kamata in riƙe? Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Dundaye:
Wa alaikumus salam Malam. Abin da kake biɗa yana bayan gidanka, ba sai ka yi nisa ba. Ka bi hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta dindindin, in ka kai Kwalkwalawa ka sauka kwalta ka faɗa fadamar Rima. Nan turbobin manoma sunka rarrabu, wasu su bi gefen ruwa, wasu su ratsa tsakanin gonaki har su ɓulla ƙauyukanmu. Mota ba ta shiga, sai jaki da amalanke da ɗan babur jefi-jefi, shi ma kana jin shi tun daga nesa.

Ka taho bayan sallar asuba cikin Disamba ko Janairu ka gani. Hazo na kwance bisa ruwa, injinan ban-ruwa sun fara kuka, fangalin albasa da tattasai da tumatir kore shar hagu da dama, masunta na jan koma. Turbar laka ce wadda ta bushe, ƙafar jaki da tayar amalanke sun daddale ta ta yi sumul, keke na gudu bisanta ba ka ko jin feda. Inda shanu sunka taka tun tana ɗanya, nan ne za ka ji jijjiga har cikin haƙora. Ka rage gudu, ka ɗan ɗaga daga sirdi.

Amma fadama da lokacinta. Daga Yuli zuwa Oktoba ka manta da ita. Lakar ga in ta kama taya sai ta cushe tsakanin taya da birki, ka koma kai ne ke ɗauke da keken. Gulbin kuma ba abin wasa ba ne. Waɗanda sunka ga ambaliyar Satumba ta 2010 sun sani, har hanyar jami'a ruwa ya yanke, sai da kwale-kwale anka dinga ƙetara mutane.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai ɗan uwa. Ita turbar ɗaya ce har ƙarshe, ko mutum na iya ɓata?

Ɗan Dundaye:
Ba ɗaya ba ce, kuma kowace shekara ruwa na sake mata fasali. Taswirar waya ba ta san da ita ba. Ka tambayi manoma, za su nuna maka. Ranar farko kada ka wuce awa ɗaya, ka juyo ta inda ka bi.

Matashi mai son yawo:
Yallaɓai in ruwa da sarari kake so, ka ɗora keken a mota ka tafi dam ɗin Goronyo. A hanya ga Wurno, garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kabarinsa yake, ga gonakin shinkafa da tafarnuwa iya ganinka.

Dattijo, tsohon direba:
Yaro, wurin da ka faɗa yana da kyau, na yi shekaru ina bin hanyar nan. Amma ba zan ji ana tura bawan Allah can shi kaɗai bisa keke in yi shiru ba. Kowa a Sakkwato ya san halin da gabas ke ciki saboda 'yan bindiga: Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, har Wurno ba ta tsira ba. Ta arewa maso yamma kuma, Tangaza da Gudu, an san abin da ke can. Mutanen da aka haifa a wuraren ma da addu'a suke zuwa gonakinsu.

Malam mai tambaya, kalmar daji ɗin nan da ka sa cikin tambayarka, ka cire ta. Yanzu ba lokacinta ba ne. Inuwar itace kake so, akwai ta kusa: lambunan mangwaro a bakin fadama, dogon yaro a ƙofar kowane ƙauye, gawo da ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ka tsaya inda kana hangen mutane suna aiki. In ka shiga wuri ka ga gonaki babu kowa, babu yara, babu jaki a hanya, ka juya nan take, kada ka tsaya neman dalili.

Sannan ka lura da shigarka. Baƙo bisa keke da jaka a baya, ya rufe fuska saboda ƙura, yana ta duba waya yana ɗaukar hoto, a wannan zamani mutanen ƙauye ba za su ɗauke shi mai motsa jiki ba. Za a ce infoma ne, kuma ba za ka ga laifinsu ba. In ka doshi gari ka buɗe fuska, ka sauka, ka yi sallama ga dattawan da ke gindin itace, ka faɗi sunanka da unguwarku. In za ka riƙa bin wurin, ka je ka gai da hakimi. Da ɗan gari akan ci gari.

Matashi mai son yawo:
Gaskiya ne Baba, na janye. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Mai gyaran keke:
Alhaji, ni ta fannin sana'ata zan yi magana. Abokin gabanka a turba ƙaya ce. Ƙarangiya damuwarta wando da safa, ba ta cika huda taya mai kauri ba. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ne masu aika mutum gida a ƙasa. Manoma kuma da reshen ƙaya suke shinge, guntayenta na zube a gefen turba, don haka ka bi tsakiya inda ƙafa ta share.

Dabarar da muke yi wa masu kai madara da itace: a samu tsohuwar taya, a yanke gefunanta masu waya, a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tib. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma faci zai ragu sosai. Duk da haka kada ka fita ba tib na ajiya, da famfo ƙarami, da gam da faci. Kafin ka mayar da tib, ka shafa yatsa cikin tayar a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba sabon ma nan take zai tafi.

Iska kuma kada ka cika ta tam yadda ake yi don kwalta. Ka rage kaɗan, yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa. A rairayi haka ta fi kama ƙasa. In ka hango rairayi ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka koma baya bisa sirdi, ka bar kan keken ya nemi hanyarsa, kada ka taɓa birkin gaba. In ya yi zurfi ka sauka ka tura, kowa haka yake yi. Sarƙa kuma kada ka yi mata wanka da baƙin mai. Ƙurar hunturu na haɗuwa da shi ta cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan, ka goge da tsumma.

Malamin tarihi:
In ka gaji da fadama ko damina ta rufe ta, ka gwada tudu. A kai ka Boɗinga da mota, don babbar hanyar ba ta keke ba ce, daga nan ka bi hanyoyin ƙauye wajen Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙasar ta fi tauri, ruwa ba ya kwanciya kamar a fadama. Sai dai inuwa kaɗan ce, kuma shawarar Baba ta tambaya kafin shiga tana aiki a can ma.

Ma'aikaciyar lafiya:
Malam, tunda ka ambaci sukari bari in sa baki. In an ɗora ka a kan magani, ka koma ka gaya wa likitanka irin tafiyar da kake shirin yi, domin wasu magungunan tare da motsa jiki suna sa sukari ya faɗi ƙasa. Kada ka fita da cikin wofi. Ka sa dabino a aljihu. In ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ka tsaya ka ci. Ruwa aƙalla lita 2. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na wuce digiri 40, to ƙarfe tara ta same ka a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan gulbi. Duk yadda zafi ya kai, kada ka shiga kududdufi ko ruwan da ke kwance a fadama, ko da wanke ƙafa ne. Tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ba, kuma muna ganin masu ita. Mai sukari kuma ba ya wasa da rauni a ƙafa: takalmi rufaffe, ba silifa ba, in ka dawo ka duba tafin ƙafarka. Hular kwano ma ka saya.

Mai tambaya:
Hajiya na gode, gobe zan koma asibiti in yi tambayar maganin. Baba, na ji, na bar maganar daji. Zan fara da Kwalkwalawa. Mai gyara, ina da tsohuwar taya amma inci 26 ce, keken kuma 27.5 aka rubuta a jikin tayarsa. Za ta yi?

Mai gyaran keke:
Za ta yi, sai dai a yanka ta, kuma ba za ta zagaye duka ba, zai rage ɗan taƙi. A ciko da guntun wata, a goge bakin yankan da kyau don kada shi ya ci tib ɗin.

Ɗan Dundaye:
Malam, in Asabar ta yi maka, mu haɗu bakin gadar Kwalkwalawa ƙarfe bakwai saura. Ƙanena na da gonar albasa ciki, ta wurinshi za mu fara don mutane su san fuskarka.