Firiza ɗaya, mutum takwas: yaya kuke kula da taku?

Sabuwar ɗaliba: Assalamu alaikum. Masu amfani da firiza ta haɗin gwiwa a masaukin ɗalibai, don Allah a taimaka mana da abin da kuka ga yana aiki. Tamu ƙanƙara ta taru har murfin ba ya zama daidai, kayan da ke can ƙasa kuma ba wanda ya san mai su.

Mai gyaran firij: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ku fara da ƙanƙarar. Da zarar kaurinta ya kai rabin santimita a narkar da ita, don rufe bangon da ke ba da sanyi take yi, sai kwamfureso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ya yi ta aiki ba hutawa. A cire filogi, a kwashe kaya a zuba a kula ko a naɗe su da bargo wuri ɗaya. A shimfiɗa tawul a ƙasa. Idan mai buɗewa ta sama ce, yawanci akwai toshiyar magudana a gindinta, a cire a tara baho. A sa kwanon ruwan zafi a ciki bisa tsumma, a rufe minti 15, ƙanƙarar za ta saki da kanta, sai a ture ta da cokalin roba ko na katako.

Wuƙa kuwa, ina roƙonku, kada ta shiga. Bututun gas yana nan dab da bangon, siriri ne ƙwarai. Tsini ɗaya ya huda shi, gas ya tsere, ruwa ya shiga layin, gyaran ya zama babba. Yawancin na yanzu ma gas ɗin R600a ne a ciki, mai kama wuta.

A wanke da cokali biyu na bekin soda cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a goge ta bushe sarai kafin a kunna.

Yayar ɗaki: Malam ya gama magana a kan narkarwa, amma idan ba a gyara ƙofa ba wata biyu ta dawo. Iska mai laima da ke shiga ce ke zama ƙanƙara. Ku maƙale takarda tsakanin robar bakin murfi da jikin firiza, ku rufe, ku ja. In ta zare salin-alin, robar ta saki a wurin. Sau da yawa datti ne kawai, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. In ta tsage, sai canji.

Batun kayan da ba su da mai su: kowa kwandonsa ɗaya, kowace leda ko roba a liƙa mata salatif a rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin maka. Ɗanyen nama da kifi a ƙasa, cikin leda biyu, dafaffe a sama. A manna jadawali a jikin murfi, mutum ɗaya ke duba ta kowane wata, da sunansa. Aikin da aka bar wa "kowa" ba ya yiwuwa.

Ɗan sashen lantarki: A ba ta soket nata ita kaɗai a bango. Kada a haɗa ta a ekstenshan ɗaya da dutsen guga ko hita, wayar wuta na zafi, kuma wani zai cire ta don cajin waya ya manta. Idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti 5 kafin a kunna, matsin gas ya daidaita. Akwai 'yar na'urar kariya mai jinkirta kunnawa da ke yin wannan da kanta. A bar tazarar santimita 10 tsakaninta da bango. Gefenta ya yi ɗumi ba matsala ba ce, nan take fitar da zafi.

Ɗalibar kimiyyar abinci: Sanyin da ake so digiri 18 ne ƙasa da sifili. Abinci mai zafi a raba shi a ƙananan robobi ya huce, a sa shi kafin awa 2, kada a kai shi da tururinsa ya narkar da na maƙwabci. Kwalbar gilashi cike da ruwa fashewa take yi, don ruwa na kumbura in ya daskare.

In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kada a yi ta leƙawa. Cikakkiyar firiza na riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kusan 24, shi ya sa ake cike gurbin da gorunan ruwa, a bar ɗan fili a wuyansu. Abin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Naman da ya narke ya yi ɗumi a zubar, ko da bai yi wari ba.

Yayar ɗaki: Na manta da hutu. In kowa zai tafi, a kwashe komai, a kashe, a goge, a sa tsumma a bakin murfi ya zauna a ɗan buɗe, in ba haka ba fumfuna za ku dawo ku tarar.