Manja ya kama min giranait ɗin kicin, famfo ma ya fara ba ni matsala, ku ba ni labarin naku

Amaryar Bara: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman wanda abin nan ya taɓa samu ya gaya min yadda ya yi. Wata 5 kenan da muka tare, kantar kicin ɗina giranait ce mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon fari, kuma wlh ina ji da ita. To galan ɗin manja da nake ajiyewa kusa da gas ashe yana ɗan tsiyaya ta ƙasa ban lura ba, da na ɗaga jiya sai ga zobe baƙi-baƙi ya zauna a jikin dutsen, na wanke da omo na wanke da ruwan zafi na dirje amma ko gezau. Sannan gindin famfon sinki wani farin abu ya taru kamar gishiri ya daskare, ruwan ma yanzu siriri yake zuwa yana fantsama gefe da gefe alhali tanki a cike yake. Ruwan bohol muke amfani da shi. Ni dai an ce min dutse ne ba abin da ke kama shi, shi ya sa hankalina ya tashi.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam amarya, kwantar da hankalinki zai fita in sha Allah. Ni ma haka aka ce min lokacin da muka je saye a Ƙofar Ruwa, wai har abada ba ya tabo, sai da man gyaɗa ya nuna min ba haka ba ne. Dutsen yana da 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, mai yana shiga ya zauna ciki, shi ya sa dirza daga sama ba ta yin komai don tabon ba a sama yake ba. Abin da na yi, bekin soda na kwaɓa da ruwa ya yi kauri kamar kwaɓin fanke mai tauri, na labta a wajen da kauri sosai har ya wuce iyakar tabon, na rufe da leda na manne gefen da salatif na ɗan huda ledar biyu uku, na bar shi kwana 2. Yana bushewa yana janyo man zuwa cikinsa. Da na kankare da cokalin roba ya ragu amma bai tafi duka ba, sai da na maimaita sau 3. Naki manja ne kuma ya daɗe, ƙila ki yi fiye da haka, kar ki gaji. Kuma bayan kin cire wajen zai yi duhu saboda danshi, ki ba shi yini guda ya bushe kafin ki ce bai yi ba.

Hajjaju GRA: Ki yanka lemon tsami ki goge wajen da gishiri, ni da shi nake wanke komai a kicin, har ƙamshi yake bari.

Uwar Gida Kaduna: Hajiya don girman Allah a'a, ba a kan dutse ba. Ki yi haƙuri na katse ki amma ni ganau ce. Kullum in na gama aikin kifi sai in matse lemon tsami a kanta don ƙarni, wani lokacin khal wato binega, ban yi shekara ba wajen da nake yanka ya dushe, duk sauran kantar na sheƙi shi kuma kamar an shafa masa toka, kuma daga nan ne ya fara shan komai, zoɓo ya zuba ya kama, kurkum ya kama. Da mai aikin dutsen ya zo ya ce min tsami yana cinye man da ake shafawa a toshe ƙofofin dutsen, sila suke ce masa. Kuma ya ce na ma yi sa'a nawa giranait ne na gaske, da mabul ne da a ranar farko zai yi tabo, don mabul dangin farar ƙasa ne, tsami narkar da fuskarsa yake nan take. Har ruwan tsamiya in kina kunu ki kula, in ya zuba ki goge a lokacin. Sai da aka zo da inji aka sake goge min wajen sannan aka shafa sila, kuɗin da na kashe ya ba ni haushi sosai don abu ne da da na sani da ban yi ba.

Hajjaju GRA: Ikon Allah, to ni nawa baƙi ne wuluk mai ɗigon zinare-zinare, shekara 6 ban ga komai ba.

Uwar Gida Kaduna: Irin naki Black Galaxy ne Hajiya, daga Indiya ake kawo shi, shi a matse yake sosai da kyar yake shan ruwa shi ya sa kika tsira. Na amarya mai haske ne, masu haske sun fi sha. Amma ko naki ki daina, ba ya ƙara masa komai.

Injiniya Jos: Bari in sa baki duk da na ga mata sun fi yawa a nan. Akwai gwajin da kowa zai iya yi yau ba sai an kira kowa ba. Ki ɗiga ruwa kamar cokali ɗaya a wurare uku, kusa da sinki, kusa da gas, da can lungu inda ba a aiki, ki bar shi minti 15 ki goge. In wajen ya yi duhu to dutsen yana sha, yana buƙatar sila. In ruwan ya tsaya ya dunƙule bai bar alama ba ki ƙyale shi, kar ki shafa, don in an shafa wa dutsen da ba ya sha sai ya bar hazo-hazo a sama mai danƙo. Ni a gidana sau ɗaya a shekara nake gwadawa, gaban sinki ne kullum yake fara faɗuwa gwajin. Shafawar ba wuya, a wanke kanta ta bushe ƙarau tukuna, a shafa da tsumma mai tsabta, a bar shi kamar minti 15 zuwa 20 ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, a goge ragowar tas kafin ya bushe, a bar kicin ɗin kwana ɗaya ba ruwa. Amarya ki fara cire tabon kafin sila, in kika shafa a kai kin kulle manjan a ciki kenan. Abin da ya fi damuna da masu sakawa da yawa shi ne ba sa shafawa tun farko kuma ba sa gaya wa mai gida, su karɓi kuɗi su tafi.

Wani abu kuma, mu nan Jos duwatsun nan a cikinsu muka tashi, mun san ƙarfinsu, amma falan da ake sawa a kicin kaurinsa santimita 2 ne ko 3, ba dutsen Shere ba ne. Wajen da aka yanke ramin sinki, siririn nan na gaba da na baya, shi ne mafi rauni.

Maman Khalifa: Wayyo Injiniya ka taɓo min inda ke min ciwo. Nawa a nan ya tsage. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗora ƙaramin turmi a kan kanta tana jajjagen attaruhu, daidai gaban sinki, ina ɗaki na ji ƙas. Ban ga laifinta ba don ban taɓa hana ta ba, ni kaina ina yi wani lokacin in ina sauri. An cike da gam mai kalar dutsen amma layin yana nan ina ganinsa kullum. Yanzu turmi a ƙasa, kuma na hana yara hawa kanta su ɗauko abu a kabad na sama. Tukunya mai zafi ma na daina direwa kai tsaye duk da an ce yana jure zafi, ina da ɗan katako da nake sawa. Yanka kuma a kan katakon yanka, ba don dutsen ba ma, wuƙaƙena ne duk suka dakushe.

Mai Gyaran Famfo Zariya: Salam. Ni sana'ata ce, shekara 14 ina yi. Amarya maganar ruwa siriri ba sai kin kira irinmu ba. A bakin famfon daidai inda ruwa ke fita akwai 'yar raga, murɗawa ake ta fito, ki naɗe da tsumma kafin ki kama da filaya kar ki ƙwarzane shi. Za ki ga yashi da farin abin nan sun toshe ta. Ki jiƙa a kofi da khal awa ɗaya ko biyu ki goge da tsohon burushin haƙori ki mayar, ki kula da 'yar robar da ke ciki kar ta faɗi. Mafi yawan gidajen da ake kira na wai famfo ya mutu wannan ne kawai. Farin abin kuma daga ruwan bohol ne, ruwa mai nauyi, in ya bushe sai ya bar alli. In ja-ja kike gani kamar tsatsa to ƙarfe ne a ruwan.

Amma ga inda ake kuskure, gindin famfon naki a kan dutse yake ko a kan sinkin? In a kan dutse ne kar ki zuba khal a wajen, kin ji gargaɗin da Hajiya ta Kaduna ta yi. Ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ki kankare a hankali da reza a kwance, kwance fa ba a tsaye ba. Sannan ki ajiye tsumma busasshe a wajen, duk aka gama wanke-wanke a tsane gindin famfon, ba zai sake taruwa ba.

In famfo yana ɗiga bayan an rufe, ku daina matse shi da ƙarfi dan Allah. Na murɗawa roba ce ta cinye a canja ta. Na hannu ɗaya mai ɗagawa sama katirij ne a ciki, ɗan abin da ke buɗe ruwan ya rufe shi, yashi ke kashe shi, a cire a tafi da tsohon kasuwa don girmansu ba ɗaya ba ne, akwai mai milimita 35 akwai mai 40. Kuma a wanke tanki, mutum zai canja famfo sau uku tankinsa na sama rabinsa laka.

'Yar Damagaram: Sannunku da hira. Mu nan matsalarmu ta bambanta, ruwan ne ke ɗaukewa kwana da kwanaki, ranar da ya dawo sai ya zo da iska da jar ƙasa yana tari. Na koyi in cire ragar nan kafin in buɗe, in bar shi ya zuba a bokiti har ya washe sannan in mayar. Tun da na fara haka ban sake sayen kan famfo ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ke kwanciya a kanta, na lura in na share da busasshen tsumma kamar yana rage sheƙin, sai na koma jiƙaƙƙe tukuna sannan busasshe.

Ummu Afnan: Ni nawa labarin na sinki ne. Silba ne irin wanda ake cewa ba ya tsatsa, sai na riƙa jiƙa tsummokan kicin da bilic a ciki in bar su kwana, da safe in dirje da soson ƙarfe don ya yi ƙyalli. Cikin 'yan watanni ɗigon tsatsa ya feso, wasu ma 'yan ramuka ne kamar an soka allura, har na je ina faɗa wai an sayar min da jabu. Ashe bilic in ya daɗe a kai cin ƙarfen yake, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa su ne ke tsatsa. Gwangwanin tumatir ma in ya kwana a jiƙe yana barin zobe. Tsatsar sama ta fita da bekin soda da soso mai laushi ina bin layin ƙarfen, ramukan kam suna nan. Da zan saka wa ƙanwata na dage sai mai lamba 304, lambar irin ƙarfen kenan, ya fi mai 201 tsada amma ya fi jure ruwa da gishiri. Kuma dan Allah tunda ana ta maganar khal, kar wadda ta haɗa shi da bilic wai don ya fi wankewa, iskar da ke tashi guba ce, maƙwabciyata sai da aka fito da ita waje tana tari idonta na ruwa.

Maman Biyu: Kun manta ƙasan sinki. Ni ban san yana yoyo ba sai da na ga kyankyasai sun yi yawa, na buɗe kabad na tarar katakon ya kumbura ya yi baƙi yana wari. Silikon ɗin da ke tsakanin sinki da dutse ne ya ɓare ruwa na bi ta nan a hankali wata da watanni. Yanzu duk Juma'a in na gama goge-goge sai na zura hannu na shafa tiyo da bututun, na kuma shimfiɗa jarida a ƙasa, in ta jiƙe na san da magana.

Mai Gyaran Famfo Zariya: Dabarar jaridar nan ta yi Hajiya. In ƙara da toshewa, kusan duk sinkin da na buɗe maiƙo ne da ƙanzon tuwo da shinkafa da ganyen shayi. Man suya da ruwan nama mai kitse yana tafiya da zafi ya je ya daskare a bututu, musamman da sanyi, bayan babbar sallah kuwa waya ba ta hutawa. A juye mai a gwangwani, a sa 'yar ragar tace datti a bakin ramin. In ya toshe ku sa bokiti a ƙasa ku kwance kwalbar nan ta ƙasan sinki da hannu ku zubar ku wanke, minti goma ne. Ruwan da ke zama a cikinta shi ke tare warin kwata, kar a bari wani ya cire ta ya haɗa bututu miƙe wai don kar ya toshe. Soda mai ƙuna kuma ni ba na son a zuba, in bai buɗe ba yana nan a kwance a bututun, mu da za mu kwance shi muke ƙonewa a hannu, in kun zuba ku gaya mana kafin mu taɓa.

Amaryar Bara: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na cire ragar ɗazu, wlh yashi ne cike, yanzu ruwa na zuwa kamar ranar da muka tare. Gwajin Injiniya kuma duk wurare ukun sun yi duhu tun kafin minti 10, kenan ba a taɓa shafa masa komai ba. Na labta bekin soda na rufe, galan ɗin manja na sa shi a cikin tire. Maman Biyu in ledar ta yi gumi ta ciki in buɗe ne ko in bar ta?

Maman Biyu: Bar ta zuwa gobe, sai ki cire ledar ki bar kwaɓin a buɗe ya bushe da kansa har ya fara tsagewa, kar ki kankare da danshi. Ki turo mana hoto jibi mu gani.