Musayar waƙa: Malam Abubakar Imam na wa ne?

Ɗan Kagara:
Assalamu alaikum. Ga baitocina, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Ya ba ni basira, ya wanke zuciya.
Salati ga Manzo ɗan Aminatu,
Da alai, sahabbai, gaba ɗaya.
Imamu nake so mu tuna a yau,
Abubakar, malami mai tarbiyya.
A 1911 aka haife shi,
A Kagara aka binne cibiya.
Da wansa Bello mai Ganɗoki,
Alƙalami biyu daga zuriya ɗaya.
Ku bar mana namu, na Kagara ne,
Mai musu ya taso, ba ni ja da baya.

'Yar Katsina:
Yaya, sannu, na ji batunka,
Haihuwa taku ce, ba na jayayya.
Amma wa ya raine shi da karatu?
Kwalejin Katsina ta sa shi a hanya.
Da ya kammala bai bar garinmu ba,
Midil ya shiga da alli da anniya.
Yana cikin koyarwa aka sa gasa,
A 1933, daga can Zariya.
Nan ya tsara mana Ruwan Bagaja,
Da Malam Zurƙe mai sa mu dariya.
Malamin aji muka fara sani,
Sunan marubuci ya biyo daga baya.

Baba na Tudun Wada:
'Ya'yana, ku ɗan saurari tsoho,
Ni na ga zamanin, ba jin tatsuniya.
Da East, Baturen gasar, ya karanta, ya ga gwani ne,
Ya aro shi Katsina ya kawo Zariya.
Magana Jari Ce, littafi uku,
Aku na zuba, Musa na tambaya.
Ya ɗebo labarun Larabawa,
Ya haɗa da na Turai da na Indiya,
Ya sa musu riga da hular Hausa,
Har ka rantse a Zazzau suka yi wayo da tafiya.
Janairun 1939 ta kama,
Aka ba shi editan jaridar Gaskiya.
Kwabo guda ka saya ka naɗe,
Mutum ɗaya na karatu, goma na sauraro da juriya.
Labarin yaƙin Hitila da Hausa
Ya iso zauruka daga nesan duniya.
Nan ya zauna, nan ya tsufa,
A 1981 ya rasu a Zariya.

Malamar Hausa:
Baba, na rusuna, kalaminka daidai,
Amma ina tare da ƙanwata a magana ɗaya.
Da ya bar aji bai bar koyarwa ba,
Sharhinsa darasi ne ga mai mulki da talaka bai ɗaya.
A 1943 ya je Ingila,
Shi da su Azikiwe, 'yan jaridar Najeriya.
Ya dawo bai ɓoye abin da ya gano ba,
Ya rubuta wa ɗalibai littafin tafiya.
Ni yau da shi nake shiga aji,
In buɗe shafi, surutu ya mutu ba bulaliya.
Yaron da ke gudun karatu,
Shi ke roƙo in ƙara masa hikaya.
Abin da ke ci mini rai, Baba:
Littafi guda, yara cunkus, ana ta jayayya.

Ɗan Kagara:
Malama, kin taɓa inda ke ciwo,
Mu tara kuɗi, littafin nan mu saya.
Allah ya jiƙan Malam da rahama,
Ya sa Firdausi ce makwancinsa lafiya.

'Yar Katsina:
Amin, Yaya, ni ce ta farko,
Kwafi biyar na ɗauka, ba ƙarya.
Baba, in da tsohon hoto a adakarka,
Ko shafin jarida da bai sha gara ba tun jiya,
Ka sa jika ya ɗauka da waya ya turo,
Malama ta kai wa yaranta ranar Litinin da safiya.