Zoborodon da na noma a gida ya yi baƙi bayan shanya

Maman Hafsa, Mabera

Assalamu alaikum. Bara na shuka sure, wanda a wasu garuruwa ake kira yakuwa, a bayan ɗakina tun ruwan farko na watan Yuni, da niyyar in tara zoborodon da zan riƙa jiƙa wa iyali lokacin azumi. Shukar ta yi tsayi har ta kai kafaɗata, amma ba ta yi fure ba sai cikin Oktoba. Na bar 'ya'yan a jikin kara har ƙarshen Disamba, sannan na tsinke su gaba ɗaya na baza a kan siminti ba tare da na ɓare su ba. Bayan mako guda na ƙulle a leda, kuma ranar da na kwance sai na tarar ya yi baƙi yana warin fumfuna. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa nake neman shawararku kafin damina ta sake zagayowa.

Malam Bello, Wamakko

Wa alaikumus salam, Hajiya. Jinkirin furen ba laifinki ba ne, domin sure ba ya fure sai yini ya fara raguwa, saboda haka wanda ya shuka a Yuni da wanda ya shuka a Yuli kusan tare suke ganin fure. Inda aka samu matsala shi ne wajen tsinka da shanya. Ana tsinkar 'ya'yan ne kamar mako biyu zuwa uku bayan furen ya faɗi, lokacin da jan ɓawon ya yi kauri yana ƙyalli, kuma ba a rana ɗaya ake gamawa ba, domin na ƙasan kara sun riga na sama nuna. Sannan wajibi ne a raba ɓawon da ƙwallon irin da ke ciki tun yana ɗanye, saboda ƙwallon ne yake riƙe danshi. Ki baza shi da sauƙi a kan tabarma, kada ya hau kan juna, ki riƙa juyawa safe da yamma har sai ya karye ƙas a tsakanin yatsunki. Kada raguwarsa ta ba ki mamaki, domin kilo 10 na ɗanye kan koma kusan kilo 1.

Hajiya Inno, Runjin Sambo

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ba na yarda da shanya a tsakiyar rana. Na fi son rumfa inda iskar hunturu ke ratsawa, domin rana mai ƙarfi tana kashe jan, kuma nakan rufa shi da tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙura. 'Yata, ki sa safar hannu wajen ɓara, domin ƙwallon yana da ƙaiƙayi. Ki kuma bar 'yan karare su bushe a tsaye don ki samu gurguzu, wanda da shi ake daddawar batso, shi ne kuma irinki na baɗi.

Maman Hafsa, Mabera

Na gode, Malam, na gode, Inna. Bana zan fara duba na ƙasan kara tun farkon Nuwamba, kuma a buhu zan adana shi a kan katako, ba a leda ba.