Jaraba, maita ko turke: me za mu kira yaron da waya ta fi ƙarfinsa?

Jama'a, ku taimaka min da kalma. An ba ni fassarar takardar wayar da kai ga iyaye kan matasan da ba sa iya ajiye waya, kuma tun jiya na maƙale a kan sunan matsalar.

Ko a Amurka sunan da zolaya ya fara. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa, Ivan Goldberg, ya ƙirƙiro "ciwon" intanet don barkwanci, sai ga mutane suna rubuto masa cewa su fa abin da ke damunsu ke nan. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa yawan hawa intanet cikin jerin cututtuka ba. Wasan gem ta sa, a kundin da ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Shi ma da sharaɗi: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran lamuransa, ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, kuma galibi a shafe wata 12 a haka.

Ke nan ba kowane mai latse-latse ne mara lafiya ba. Kalma biyu muke nema: ɗaya ta mai yawan dannawa kawai, ɗaya ta wanda abin ya zame masa ciwo.

Wani ya kawo "maitar waya". Ta yi min daɗi, don dama muna cewa mayen shayi, mayen ƙwallo. Sai dai a bakinmu wannan kusan kirari ce. Ka ce wa ɗan shekara 15 mayen waya, murmushi zai yi. Ga kuma rikicin rubutu: mayen da ke kama kurwa da mayen da ke sa tangaɗi harafinsu ɗaya. Na bar ta ga mai yawan dannawa wanda har yanzu yana barci, yana zuwa makaranta.

Ni tawa ƙirƙirar "turken waya" ce, daga sabo turken wawa. Akuya a turke tana zagaye, tana ganin kamar yawo take, nan kuwa iyakarta tsawon igiya. Har na fara jin kaina, sai wata baiwar Allah ta ce ita da ta karanta, falwayar da ke bakin titi ta gani. Gaskiyarta. Na janye, amma aikatau ɗin ina riƙe da abina: waya ta turke shi.

"Kamun waya" kuwa, sai a zaci zancen sabis ake.

Saura jaraba. Na san abin da za ku ce: jarababbe a kunnen Bahaushe mai yawan sha'awa ne, kuma uba ya ji "ɗanka na da jarabar intanet", finafinan batsa zai fara kawowa a ransa, ƙila ma ya ɗauko dorina. Amma muna cewa jarabar taba, jarabar caca, ba wanda ke kai tunaninsa can. Kuma ita kaɗai ce ke ɗauke da abin da likitoci ke nufi: ka san yana cutar da kai, ka yi rantsuwa ka daina, tsakar dare ka sake lalubo shi ƙarƙashin filo.

A takardar dai na rubuta jarabar waya, inda ake maganar wasa kuma jarabar gem. Na zaɓi waya a kan intanet don ban taɓa jin uwa ta ce "ajiye intanet ɗin nan" ba. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, a wajenku jaraba tana da wannan nauyin? Sai jibi zan miƙa aikin.